Yaron da ba ya magana a aji, na ji shi yana gardama kan gem

Akwai wani yaro a ajina na CM2 da na shekara ina fama da shi. Ba zan kama sunansa ba, iyayensa maƙwabtana ne a nan Hawandawaki. In na ce ya tashi ya karanta, sai ya sunkuyar da kai. In na ba da rubutu na ce kowa ya faɗi ra'ayinsa, sai ya kawo mini layi uku, biyu daga ciki tambayar ce ya kwafe. Da jan biro na rubuta masa abin da muke rubuta wa irinsa, cewa ba ya ƙoƙari kuma ba ya tunani. Na yi shekara kusan ashirin ina riƙe da alli, na ɗauka na san yaro in na gan shi.

A babban hutun da ya wuce, ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ya zo taya mu noma, ya zo da kwamfutarsa ta hannu. Da safe a kai ta wurin mai cajin sola tare da wayoyin unguwa, da yamma in an dawo daga gona an ci tuwo sai ya shimfiɗa tabarma a zaure, yara su kewaye shi. Da farko ban kula ba, na ɗauka ƙwallo suke bugawa kamar kullum. Hayaniya ce ta fito da ni wani dare. Na zo da niyyar korarsu, sai na tsaya a bakin ƙofa, don muryar da ta fi tashi ta wannan yaron nawa ce, wanda ban taɓa jin ya haɗa jimla biyu a aji ba.

Gem ɗin da suke gardama a kansa sunansa Outer Wilds. Bari in ɗan bayyana shi, don na san yawancin masu karanta wannan rubutu ba su taɓa jin sa ba, kamar yadda ni ma ban taɓa ji ba. Ba babban kamfani ne ya yi shi ba. Wani ɗalibi ne mai suna Alex Beachum ya fara shi a matsayin aikin digirinsa na biyu a wata jami'a ta Kalifoniya a Amurka, daga baya wani ƙaramin kamfani mai suna Mobius Digital ya kammala shi, ya fito a 2019. A 2020 ya ci kyautar BAFTA ta Ingila a matsayin gem mafi kyau na shekara, ya doke na manyan kamfanoni masu ma'aikata ɗaruruwa.

Labarinsa almara ce ta kimiyya. Kai wani halitta ne mai ido huɗu, a wata ƴar ƙaramar duniya, an ba ka kumbon da aka harhaɗa da katako da tarkacen ƙarfe, ka tafi yawon duniyoyin da ke kewaye da ranarku. Bayan minti 22 ranar ta fashe, komai ya ƙone, sai ka farka a bakin wutar da ka fara, kamar ba a yi komai ba. Haka za ka yi ta yi. Babu bindiga, babu maki, babu sabon makami da za ka samu. Abu ɗaya kawai ke bin ka daga wannan zagaye zuwa wancan, shi ne abin da ka sani. Wata al'umma da ta shuɗe, ana kiran su Nomai, ta bar rubuce-rubuce a bango, kana da na'urar fassara su, daga nan kake tsintar labarin abin da ya faru. Ɗan yayata ya sa gem ɗin cikin Faransanci.

Wannan minti 22 ya yi wa zauren daidai. Batirin kwamfutar ba ya jimawa, don haka dokarsu ita ce kowa mutuwa ɗaya: in rana ta fashe ko ka faɗa rami, ka miƙa wa na gaba.

To ga abin da na ji. Wani babba a cikinsu, ɗan koleji, ya ce gem ɗin banza ne. Ya ce ba a cin kowa, ba a tara komai, ka sha wahala minti ashirin sannan a maido ka inda ka fara hannu wofi, wannan ai aikin Gizo ne. Sai yaron nawa ya ce masa ba hannu wofi ba ne. Ya ce, "Jiya da kifin nan ya haɗiye ka, ka san makaho ne? Ba ka sani ba. Yau ka san da kunne yake farauta, in ka kashe inji ka wuce shiru ba zai taɓa ka ba. To me aka ƙwace maka?" Ɗan kolejin ya ce sani ba dukiya ba ne, ba a ganinsa a allo. Yaron ya ce ai shi ya sa ba mai iya sace shi. Na tsaya ina kallonsa kamar ban san shi ba.

Wata yarinya, ƙanwar ɗan kolejin, ta kawo nata ƙorafin, kuma har yau nata ne ya fi zauna mini. A cikin gem ɗin akwai wasu duniyoyi biyu tagwaye, yashi na kwarara daga ɗaya zuwa ɗaya, ta yadda wasu wurare ba sa buɗewa sai yashin ya janye, wasu kuma in ka makara ya binne su. Wannan ya burge su duka, don mu yashi ba baƙonmu ba ne, mun san yadda yake cinye katanga. Amma ita ta ce wanda ya tsara a zauna ana jiran yashi bai taɓa biyan kuɗin caji ba. Ta ce a garinsu wuta ba ta ɗaukewa, shi ya sa yake wasa da lokacin mutane. Yarinyar da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba ta gano, ita kaɗai, cewa duk abin da mutum ya ƙera yana ɗauke da alamar inda aka ƙera shi da waɗanda aka yi domin su. Ni sai da na shiga makarantar horon malamai ta Maraɗi na fara jin irin wannan magana, game da littattafan karatu masu labarin dusar ƙanƙara.

Da na tambayi ɗan yayata, sai ya ce mini wannan rabuwar kai ba a zaurenmu ta fara ba. A shagon intanet na Steam, inda ake sayar da irin waɗannan gem, duk wanda ya saya yana iya rubuta ra'ayinsa, ya ce ya yaba ko bai yaba ba. Mafi yawan waɗanda suka rubuta kan Outer Wilds yabo suka yi, har da masu cewa kada ka karanta komai a kansa kafin ka fara, don daɗinsa sau ɗaya ne, in ka san sirrin ya ƙare. Waɗanda ba su yaba ba kuwa kokensu bai wuce na ɗan kolejin nan ba: ba a gaya maka inda za ka, kumbon yana da wuyar tuƙi, maimaitawar tana gundura. Wato yaran Hawandawaki, ba tare da sun karanta kowa ba, sun isa inda manyan ƴan wasa na Turai da Amurka suka isa, har yarinyar ta ƙara abin da su can ba za su iya gani ba.

Ra'ayina ke nan, kuma na san wasu abokan aikina ba za su so shi ba. Yaran da muke cewa ba su da tunani suna da shi. Ba mu tambayarsu ne, in mun tambaya kuma cikin harshen da ba da shi suke tunani ba, a kan abin da bai dame su ba. Yaron nan ya kawo magana, ya kawo hujja, ya kawo misali, ya saurari abokin gardama, ya mai da martani. Waɗannan su ne abubuwan da nake rubutawa a allo duk shekara da sunan darasin bayyana ra'ayi, nake kuma ba shi biyu bisa goma a kansu. An koya mana a makarantar horo cewa a fara daga abin da yaro ya sani zuwa abin da bai sani ba. Duk mun haddace wannan, mun rubuta shi a jarrabawa mun ci. Amma da ka shiga aji mai yara sama da sittin, ga manhaja na jiran ka, ga sufeto na tafe, sai ka fara daga shafin da littafi ya ce.

Ba ina cewa a sayo wa yara gem ba ne. In ma na ce, da me? Abin da nake cewa ya fi haka sauƙi, kuma bai cin ko dala: in ka ga yaro ya dage kan wani wasa, kafin ka ƙwace wayar, zauna ka tambaye shi me ya sa yake son sa, me kuma ba ya so a ciki.

Maƙwabcina, dattijo ne da nake girmamawa, bai yarda da ni ba ko kaɗan. Da labarin ya kai masa ya same ni bayan sallar la'asar ya ce, "Malam, kai da ya kamata ka kore su, kai ne ka zauna cikinsu? Ana nuna wa yara rana ta fashe, mutum ya mutu ya tashi ya mutu ya tashi, kana kallo?" Na ce, "Baba, da kakarmu ke ba mu labarin Gizo ya mutu don ya ci dukiyar gauraki ko ya yaudari sarki, ba wanda ya ɗauka gaskiya ne. Yaran nan sun san tatsuniya in sun gan ta." Ya ce tatsuniya da ƙurunƙus take ƙarewa a je a kwanta, wannan kuwa ba ta ƙarewa. A nan ya kama ni, ban da amsa, kuma har yanzu ina ganin yana da gaskiya rabi.

Don kuwa yawancin abin da ke cikin wayoyin yaranmu ba irin Outer Wilds ba ne. Free Fire ne da makamantansa. Shi wannan kamfanin Garena na Singafo ne ya fito da shi a 2017, ana sauke shi kyauta, yana tafiya ko a ƙaramar waya, shi ya sa ya cika ko'ina. Kyautar kuwa ta baki ce, don ribar kamfanin tana cikin lu'ulu'un da ake saye da kuɗi na gaske a sayi tufafi da kwalliyar makamai a cikin gem. Irin wannan an gina shi ne don kada ya ƙare, don ka dawo gobe, don ka ji kunya in abokinka ya fi ka ado. Na san yaron da aka aika sayen magani ya karkatar da canjin zuwa kati. Na san masu barci a aji don sun kwana kan waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa jarabar gem cikin jerin cututtukan da ta amince da shi a 2019, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, ko da yake ta bayyana cewa kaɗan ne daga cikin masu wasa abin ke kai wa haka. Duk wanda ya ce tsoron iyaye ba shi da tushe bai zauna da iyaye ba.

Amma ga inda nake ganin dattijon ya rasa hanya. Uban da bai san gem ba, ta yaya zai bambanta mai cin yaro da mai ƙara masa? Ba zai iya ta kallon allo ba, duk launi ne da ƙara. Ta bakin yaron kawai zai iya. Na gwada, na ga bambancin da idona. Ka tambayi yaro kan gem irin na farko, zai cika ka da labari: na gano kaza, ina zaton kaza ne ya jawo kaza, gobe zan duba. Ka tambayi wanda jaraba ta kama, amsarsa gajera ce, kuma da kuɗi take ƙarewa: saura kaɗan in kai mataki na gaba, in na samu jika ɗaya zan sayi kaza. Uban da ya ƙwace waya bai tambaya ba ya hukunta su biyun daidai, kuma ya koya wa yaron cewa abin da ke ransa ba abin faɗa wa manya ba ne. Daga nan sai ɓoyo, wayar aboki, bayan masallaci, tsakar dare.

Akwai kuma wani abu da ya faru a zauren wanda ban yi tsammani ba. Gem ɗin ba ya tafiya sai da karatu. In ba ka karanta rubutun bangon ba, ba ka san inda za ka ba. Sai ga yaran da nake bi da bulala su buɗe littafi suna rige-rigen karanta Faransanci, wanda ya fi iyawa yana karantawa da ƙarfi, sauran suna fassara wa juna da Hausa suna gardama kan ma'ana. Wani dare yaron nawa ya juyo ya ce, "Mushe, da gaske rana tauraro ce?" Na koyar da wannan a aji, yana zaune a layi na uku. Na ce masa da gaske ne, kusa take da mu shi ya sa ta yi girma, haskenta ma minti takwas da ɗan abu yake ɗauka kafin ya iso. Ya ce to tamu ma za ta fashe? Na ce masana sun ce taurarin da ke irin wannan fashewa sun ninka tamu nauyi sau da yawa, tamu ba ta kai ba, ranar tashin duniya kuwa saninta na wurin Allah. Ya yi shiru, sannan ya ce to waɗanda suka yi gem ɗin sun yi ƙarya ke nan. Na ce sun yi tatsuniya. Ya ce amma da sun faɗa.

A ƙasashen da ake ƙera waɗannan abubuwa, ra'ayin ɗan wasa ba hira ba ce kawai, yana da nauyi. A 2016 wani ƙaramin kamfani na Ingila, Hello Games, ya fito da No Man's Sky, shi ma na yawon sararin samaniya. Kafin fitowarsa an yi ta alkawura, ciki har da cewa ƴan wasa za su iya haɗuwa da juna. Da ya fito ba a ga haka ba, masu saye suka fusata, suka cika Steam da suka, wasu suka nemi a maido musu kuɗinsu. Kamfanin ya yi shiru ya koma aiki, ya riƙa fito da gyare-gyare kyauta shekara bayan shekara, haɗuwar ƴan wasan ta zo a 2018, sai a ƙarshen 2024 jimillar ra'ayoyin ta kai matsayin yabo sosai. Mutanen da suka iya faɗin abin da ba su so, da dalili, a rubuce, su suka tilasta wannan. Ina son yaranmu su iya haka, ba don gem ba. Wanda ya saba cewa wannan bai yi ba kuma ga dalili, gobe shi zai iya faɗa wa mai sayar da taki, ko ɗan siyasar da ya zo da alkawarin rijiya.

Sai dai ƙorafin yarinyar nan kan batir ba zai taɓa isa Kalifoniya ba. Ba ta da asusu, ba ta da katin banki, ba da harshenta ake rubutu a can ba. Wanda zai ji ta sai wanda ya san kuɗin caji. Kuma akwai su. A Yamai, Mahaman Sani Housseyni Issa ya yi Les Héros du Sahel, wanda jaruminsa Shamsu daga rana yake samun ƙarfinsa. A Yawunde ta Kamaru, kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fito da Aurion a 2016, bayan shekaru ana fama da ɗaukewar wuta da ƙarancin jari. Da na ba yaran labarin Shamsu, ɗan kolejin da ya ce gem ba bindiga banza ne ya fara tambaya ko jarumin yana rauni da dare, in haka ne me zai hana a ba shi batir. Cikin minti biyar sun tsara nasu gem da baki, da fari a matsayin abokan gaba da rumbu a matsayin abin karewa. A 2025 hukumomin ƙasarmu suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. In wannan magana za ta wuce takarda, wata rana sai an ga rubutun bangon nan da Hausa, kuma waɗanda za su rubuta shi yanzu suna zaune a azuzuwanmu muna ba su biyu bisa goma.

Da aka koma makaranta a watan Oktoba, yaron ya maimaita aji, don bai ci jarrabawa ba, ya sake faɗowa hannuna. A makon farko na ajiye littafi na ce kowa ya zaɓi wasa ɗaya da ya sani, ko langa, ko dara, ko ƙwallo, ko na waya, ya faɗa mana da Hausa abin da ke da kyau a ciki da abin da zai gyara in shi ne ya ƙirƙiro shi. Bayan an gama gardama sannan a rubuta da Faransanci. Ajin ya kaure har darakta ya leƙo ya ga ko lafiya. Wasu ba su rubuta komai ba, kamar da. Yarinya ɗaya ta yi shafi guda kan rashin adalcin langa ga gajeru. Shi kuwa ya kawo layi goma sha ɗaya, cike da kurakuran nahawu, babu ko ɗaya da ya kwafa. A layin ƙarshe ya rubuta cewa abin da zai gyara shi ne a daina fasa ranar in mutum yana tsakiyar karatu. Ɗan yayata ya ce mini akwai wurin da ake saita gem ɗin lokaci ya tsaya in ana karanta rubutu, su ne ba su gano ba. Ban gaya wa yaron ba tukuna, kwamfutar ta koma Maraɗi sai wani hutun.